Yi wa Kai Hisabi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan tasowa duk sanda aka taɓo zancen mutum ya zauna ya binciki kansa, ko ya nemi dalilin abin da ya saba yi. Wasu daga bakin ɗalibai suka fito, wasu daga 'yan majalisa a nan cikin birnin Katsina, wasu kuma iyaye mata ne suka aiko da su. Na bar kowace kusan yadda mai ita ya furta ta.

Malam, wai mene ne sabo a ciki? Ai kowa yana tunani.

Kowa yana tunani, wannan haka yake. Sai dai yawancin tunaninmu waje yake kallo: kuɗin buhun masara, kuɗin makarantar yara, maganar da wane ya yaɓa mini a wurin ɗaurin aure. Wanda muke nufi shi ne wanda mutum zai juyo da tambayar kansa. Me na yi? Me ya sa na yi? Da ni aka yi wa, zan yarda?

Duba tela a goman ƙarshe na azumi. Shadda da atamfa sun cika shago har kan benci, janareta na ta kuka tun bayan tarawihi, idanun yaransa sun yi jawur. Sai ga wani da leda a hannu: "Maigida, na yara ne, za a samu kafin Sallah?" Ya san ba za a samu ba. Amma bakinsa ya riga shi: "In sha Allahu, ajiye." Har ya karɓi kafin alƙalami. Ranar jajiberi mai kaya ya zo ya tarar ko yankawa ba a yi ba, a yi ta cacar baki, tela ya ɗora wa rashin wuta laifi. Baɗi ma haka za a yi. Wannan bawan Allah yana tunani dare da rana, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa abu guda ba: me ya hana ni cewa a'a? Kwaɗayin kuɗin ne? Nauyin idon mutum ne? Ko tsoron kada ya koma shagon maƙwabcina? Kowace amsa da nata maganin, kuma ba mai iya gano ta sai shi.

Ba baƙon abu ba ne a addini. A Suratul Hashri, aya ta 18, an umarci kowace rai ta duba abin da ta gabatar domin gobe. Ana kuma ruwaito wa Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi tun kafin a yi muku. Malaman tarbiyya suna kiran abin muhasaba, har wani malamin Bagadaza da ya rasu a 857 Miladiyya, Harisu, ya shahara da laƙabin Muhasibi saboda yawan yin ta.

Ba falsafa ce kuke lallaɓowa ku shigo mana da ita ba? Mu dai mun ji an ce haramun ce.

Wannan tambaya ta cancanci a zauna a kanta, domin mai yin ta ba daga sama ya tsinto ta ba. Malamai sun yi sa-in-sa a kan wannan tun da daɗewa, kuma gardamar ta biyo har ta ƙasarmu.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙalubalanci masana falsafa irin su Ibn Sina da Farabi a mas'aloli 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa filla-filla ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Wannan shi ne abin da mutane suka riƙe. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, shi dai Gazalin ya ware lissafi da manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, ya ce ba ruwansu da wannan hukunci. Har ya yi gargaɗi cewa wanda ya musa lissafin husufi da sunan kare addini, addinin yake cutarwa. Bayansa Ibn Rushd, alƙalin Malikiyya a Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani, ya ce nazarin halitta da hankali abu ne da Shari'a da kanta ta yi kira a kansa.

Ga wanda ya fi kusa da mu. A ƙarshen ƙarni na 15 akwai manyan malamai biyu da sunansu ya shiga tarihin Katsina: Shaihu Magili, wanda ya zo Kano da Katsina da ƙafarsa, da Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Suyuɗi yana ganin karatun manɗiƙi haramun ne. Magili ya rubuta masa baitoci yana kare shi, hujjarsa ita ce gaskiya ana karɓar ta ko daga bakin wa ta fito, kuma da gaskiya ake gane mutane, ba da mutane ake gane gaskiya ba. Suyuɗi ya ba shi amsa shi ma a waƙe. Ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga Musulunci.

Sannan shi mai Ahalarin da muka fara karantawa a zaure, mai babin tsarki da salla, yana da wani ɗan littafi na waƙe a kan manɗiƙi. A ciki ya kawo ra'ayi uku: waɗanda suka haramta, irin su Nawawi da Ibn Salah, da waɗanda suka ce ya kamata a koya, da kuma wanda shi ya rinjayar, cewa ya halatta ga mai kaifin hankali wanda ya goge a Alƙur'ani da Sunna.

To, ka ga abin da ake jayayya a kansa wasu mas'aloli ne masu zurfi na aƙida. Ba wanda ya taɓa haramta wa mutum ya tambayi kansa ko abin da ya yi wa ƙaninsa wajen rabon gado adalci ne. Ni a ganina, da yawan masu cewa "kar ka kawo mana falsafa" ba aƙida suke tsaro ba, tambayar ce ta zo kusa da aljihunsu.

Amma ai akwai tambayar da ba a yi, ko?

Akwai. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Shaiɗan yakan zo wa mutum ya ce wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga wa ya halicci Ubangijinka. Wanda ya kai nan, ya nemi tsari ya dakata. Wannan waswasi ne, ba ya kai mutum ko'ina. Akwai kuma tambayar ƙure, wadda mai ita ba amsa yake nema ba, so yake ya kunyata malami a gaban ɗalibai.

Amma Annabi Ibrahim ya roƙi Allah ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, kuma da aka ce masa ko ba ka yi imani ba ne, sai ya ce ya yi, don dai zuciyarsa ta natsu. Yana nan a Baƙara, aya ta 260. Bambancin yana ga abin da mai tambaya yake nema, kuma shi ya fi kowa sanin wannan.

Ni ɗan Keke Napep ne. Tun asuba nake fita, sai bayan isha nake shiga gida. Ina na ga lokacin zama tunani?

Ɗan'uwa, ai kana yi kullum, ba ka lura ba ne. Da ka ajiye mashin sai ka zazzage aljihu: ga na mai, ga balas ɗin mai keke, ga na cefane, ga abin da ya rage. Ba ka taɓa cewa ba ka da lokacin wannan ba. Gazali da kansa da ɗan kasuwa ya buga misali. Ya ce da safe ka gindaya wa kanka sharaɗi kamar yadda ake yi da abokin ciniki, da rana ka sa ido, da dare a baje lissafi, a ga riba ko faɗuwa.

Minti biyar sun isa. Bayan sallar isha kafin ka tashi daga sahu, ko kana kwance kafin barci ya ɗauke ka. Kada ka ce za ka binciki rayuwarka kaf, ba za ka gama ba, gajiya za ka yi ka bari. Ɗauki abu guda na yau. Tsohuwar nan da ka ɗauko daga Ƙofar Ƙaura, ka ga baƙuwa ce ba ta san kuɗin ba, ka ninka mata. Mai mashin da ka zaga har iyayensa a shataletale, alhali kai ka shiga hannunsa. Sai ka yanke abin da za ka yi gobe idan irin haka ta sake tasowa. Lissafin da bai ƙare da "gobe zan yi kaza" ba, bai cika ba.

An ce yawan tunani yana kawo hawan jini. Ba gara mutum ya bar wa Allah komai ba?

Abu biyu ake haɗawa a nan. Akwai tunanin da yake da bakin zare: ka gano kuskure, ka nemi gafara, ka gyara, ka kwanta ka yi barcinka. Akwai kuma saƙa da warwara, inda magana ɗaya za ta yi ta juyawa a kai har asuba, da na sani, da ban je ba, me za su ce da ni, kuma gari ya waye ba abin da ya canza sai ciwon kai. Na biyun shi ne yake cin mutum, ba kuma shi muke kira a yi ba.

In ka ga abin ya zarce, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da kake jin daɗinsa a da duk ya fita ranka, kana ganin ba ka da wani amfani, kuma an shafe mako biyu ko fiye a haka, to wannan ba hisabi ba ne, alamun ciwon damuwa ne. Yana da magani a asibiti, kuma zuwa wurin likita bai hana addu'a ba. Wanda ya fara jin gara ya mutu ya huta, kada a jira, a kai shi ranar.

In komai rubutacce ne, mene ne amfanin in tuhumi kaina?

Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah? Umar ya ce, ƙwarai, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ƙaddara abin rarrashin zuciya ce bayan musiba ta auku. Wanda bai gyara birki ba ya buge yaro, ya ce haka Allah ya so, gaskiya ya faɗa, amma ba ta wanke shi ba.

Malam, ni uwa ce. 'Yata za ta yi aure, na ci bashi don kayan ɗaki da gara. Raina yana gaya mini abin ya yi yawa, amma ina tsoron bakin dangi. Laifi ne in tambayi al'adar da muka gada?

Hajiya, ba laifi ba ne, kuma ranki da yake miki magana shi ne abin da muke ta bayani tun ɗazu. Ki saurare shi.

Tambayar al'ada ba raina iyaye ba ce. Tambayar ita ce, don me aka kafa ta? Gara an faro ta ne don a tallafa wa sabon gida, amarya ta shiga da ɗan abin da za ta fara girki kafin miji ya farfaɗo daga hidimar biki. Manufa mai kyau. Yau kuma ki duba abin da ya koma: buhunan shinkafa da jarkokin mai da katan-katan na taliya da za a jera a tsakar gida, dangin ango su zo su ƙirga, a ɗauki hoto a waya. Uwar amarya ta kwashe adashenta, ta sayar da 'yan awakinta, ta ƙara da bashi, wata shida tana ɓuya in ta ji sallamar mai kuɗi. Anko kuma kala uku, wadda ba ta yi ba a ce ba ta ƙaunar bikin.

Ki zauna ki tambayi kanki tsakani da Allah: wannan kujerar ta biyu, don 'yata ce ko don kishiyata ta gani? Wannan abin, in ba wanda zai sani na saya, zan saya? Abin da ya tsallake wannan tambaya, ki yi shi da zuciya ɗaya. Wanda bai tsallake ba, ki ajiye. Surutu za a yi, ba shakka, amma na kwana bakwai ne, kuma masu yin sa ba su za su biya bashin ba. Sai dai ki bi ta lalama. Ki fara shawo kan yayarki ko gwaggon yarinyar, wadda in ta yi magana ake ji, kada ki tashi a tsakiyar taro ki ce al'ada banza ce.

Yarona ya cika tambaya. Komai sai ya ce don me. Ba rashin kunya ba ne?

Mu Katsinawa ana mana kirari da kunya, to amma kirarin bai tsaya nan ba, cewa aka yi ba dai tsoro ba. Yaron da aka daka wa tsawa duk sanda ya ce don me, ba kunya ya koya ba, tsoro ya koya. Tambayar kuma ba ta mutu ba, wurin abokai ko waya zai kai ta. Abin da za a koya masa shi ne ladabin tambaya: ba a katse babba, ba a yi a gaban baƙi, ana sassauta murya. In ba ka da amsa, ka ce masa bari mu tambayi malam. Yaron da ya ji babansa ya faɗi haka ya koyi abin da ya fi amsar.

Me ya haɗa wannan da saƙonnin waya?

Waɗanda suka yi wayo a 2014 za su tuna daren gishiri. Cutar Ebola ta shigo Legas, sai saƙo ya bazu cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. 'Yan'uwa suka yi ta tada juna a waya, har da masu digiri. Wasu suka ƙare a asibiti, har aka ba da rahoton rasa rayuka. Ba mugunta ta sa mutane suka yaɗa ba, ƙauna ce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa ya ce, wa ya faɗa, shi kuma a ina ya ji?

Yanzu da matsalar tsaro ta addabi yankunanmu, abin ya fi haɗari. Muryar wani da ba a san ko wane ne ba za ta shigo WhatsApp cewa an ga 'yan bindiga a hanyar Jibiya ko Batsari, ko a haɗa da tsohon hoto na wata ƙasa. Wani lokaci gaskiya ne, ya kamata a sanar da wanda abin ya shafa. Wani lokaci kuma kasuwa ce za ta watse a banza, ko a far wa baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Suratul Hujurati, aya ta 6, ta ce a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Tambayar da ta fi wuya ba ta kan saƙon ba ce, ta kanka ce: me ya sa hannuna yake ƙaiƙayin turawa? Sau da yawa amsar ita ce don a ce ni na fara kawowa.

Wannan ba sai wanda ya je jami'a ba?

A'a. Sukurat, wanda Turawa suke ɗauka uban falsafa, bai bar rubutu ko shafi ɗaya ba, almajiransa ne suka rubuta. A kasuwar birnin Atina na ƙasar Girka yake tare mutane ya tambaye su mene ne adalci, mene ne jarumta, har mai amsa ya gane bai san abin da yake zaton ya sani ba. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa aka yanke masa hukuncin kisa, cikin tuhumar har da ɓata matasa. Darasin da zan ƙara daga wurina: mutane ba sa son mai titsiye su, don haka kada ka gwada wannan a majalisa kullum, za a daina matsa maka a tabarma. Fara da kanka, can ne ba mai jin haushi.

Garin da ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da Muhammadu Alkatsinawi masanin lissafi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ba a jami'a ya koyi zurfafa tunani ba, a zaure ya koya. Kuma tsohuwar da ta ce maka laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ta gama bayanin abin da wasu suke cika littafi a kansa.

Na gwada, amma kullum sai lissafin ya nuna ni ke da gaskiya.

Alƙalin da mai ƙarar duk mutum ɗaya ne, dole haka ta faru. Dabara biyu. Ta farko, ka ba da labarin rigimar da bakin abokin faɗanka, yadda shi zai faɗa wa matarsa in ya koma gida. In ba za ka iya ba, ba ka fahimci rigimar ba tukuna. Ta biyu, ka sami mutum ɗaya da ba ya cin abincinka, ba ya kuma tsoronka, ka ce ya gaya maka aibinka. In ya faɗa, ka yi shiru ka yi godiya. Ranar da ka kare kanka, ba zai ƙara ba.

Ya kamata in riƙa rubutawa?

In rubutu yana taimaka maka, yi, ko da boko ko da ajami. Amfaninsa shi ne bayan wata biyu za ka ga abin da yake maimaituwa. Sai dai zunubin da Allah ya rufa maka asiri a kai, kada ka zuba shi a takarda ko a waya inda wani zai gani.

Na yi lissafi na gano na ci haƙƙin wani, ga shi ya rasu. Yaya zan yi?

In dukiya ce, magadansa za ka mayar wa, domin haƙƙin ya koma hannunsu. Ba dole ba ne ka yi dogon bayani in hakan zai tada fitina. Ya isa ka ce akwai kuɗin marigayi a wurinka, ko ka aika ta hannun amintacce. In da yawa ne ba za ka iya biya lokaci ɗaya ba, ka rubuta adadin, ka sa shaidu, ka riƙa ragewa, ka kuma sanar da iyalinka don kada ta Allah ta kasance a raba gadonka da haƙƙin wani a ciki. In ka nemi magadan iyakar ƙoƙarinka ba ka same su ba, malamai sun ce ka yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare shi.

In kuma mutuncinsa ka ci, gulma ko ƙazafi, sai ka yawaita nema masa gafara, ka koma wurin mutanen da ka ɓata shi a gabansu ka gyara maganar. Inda lissafin ya rikice, misali gona ce aka noma shekaru ko dabba ce ta hayayyafa, ka je wurin malamin da ya san fiƙihun gado ka zayyana masa komai yadda yake, shi zai fitar maka da abin da ke kanka.